Neman shawara kan wasan kwaikwayo na mutum ɗaya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka goge a wasan dandamali, musamman waɗanda suka yi karatu a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda aka daɗe ana kai wasa ƙauyuka don wayar da kai.

Ni malamar firamare ce, kuma ƙungiyar matan unguwarmu ta ɗora mini nauyin gabatar da wasa na minti 40 a kan matar da mijinta ya sake ta tana da goyo, wanda ni kaɗai zan fito a cikinsa, in zama matar, in zama uwar mijinta, in kuma zama mijin. Uwar miji ba ta ba ni wahala, domin da na ja mayafi zuwa goshi na ɗan duƙa, kowa ya gane ta. Mijin ne ya gagare ni. Da zarar na kaurara murya na furta sakin, sai matan da ke kallon gwaji su fashe da dariya, alhali nan ne ake so jiki ya yi sanyi. Ina ganin sun saba da tashe, inda kwaikwayon wani ke nufin barkwanci. Da na ɗora hula, abin ƙara lalacewa ya yi.

Shin in cire muryarsa gaba ɗaya, in bar matar ta karanta takardar sakin da bakinta, ko kuwa akwai dabarar da mace za ta fito a matsayin namiji ba tare da ta zama abin dariya ba? A tsakar gida za a yi wasan, kuma ba mu da lasifika.