Saƙon da gwaji ke fitarwa in lamba ta kusa amma ba ta kai ba, ya kuke karanta shi?

mai_gwaji: Salam jama'a. Kowa a nan ya san 0.1 + 0.2 a kwamfuta ba 0.3 ba ne, 0.30000000000000004 take bayarwa saboda yadda ƙa'idar IEEE 754 da kwamfuta ke bi ke ajiye lambobi masu ɗigo, shi ya sa muke cewa a kwatanta da "kusa-kusa". To ni ba wannan ne ya dame ni ba, abin da ke damuna shi ne rubutun da ke fitowa in gwajin ya faɗi. A pytest, kayan gwada code na Python, in na sa approx(250, abs=0.5), wato 250 da sassaucin 0.5 sama ko ƙasa, sai ya rubuta min 250 ± 5.0e-01, wlh sai na tsaya na lissafa kafin na gane rabi yake nufi. Ku ya abin yake a wajenku?

bintu_py: Wslm malam, ai an gyara wannan a pytest 8.4, in sassaucin yana tsakanin 0.001 da 1000 yanzu a lamba ta mutane yake fitowa, wato 42 ± 1 maimakon 42 ± 1.0e+00. Ka sabunta kawai. Amma ƙananan suna nan yadda suke, approx(0.3) zai nuna 0.3 ± 3.0e-07, kuma ni a ganina daidai ne, wa zai zauna ƙirga sifili shida bayan ɗigo.

dan_java: Ku godiya ya kamata ku yi. Mu a JUnit na Java assertEquals ɗin yana karɓar delta, wato sassaucin, amma in ya faɗi abin da zai ce maka kawai expected kaza but was kaza, deltan ba ya cikin saƙon sam, sai ka buɗe fayil ɗin ka nemo shi, in kuma daga wani wuri aka lissafo shi to ka shiga uku. Yanzu ni da hannuna nake rubuta saƙon in cusa deltan a ciki.

hajiyar_data: Bari in ba ku tawa, ita ce ta sa na daina raina wannan ± ɗin. Na gaji wasu gwaje-gwaje daga wanda ya riƙe aikin kafin ni, lambobin ƙanana ne sosai wajen 1e-13, kuma kullum kore suke nunawa, wato sun wuce, ko me ka taɓa a lissafin. Ranar da na sa print a kan approx ɗin sai ga 1e-13 ± 1.0e-12, wato sassaucin ya ninka lambar kanta sau goma! Dalili kuwa pytest yana da biyu a asali, rel 1e-6 da ake ninkawa da girman lambar da abs 1e-12 tsayayye, kuma wanda ya fi girma shi yake ɗauka, to a lamba ƙarama haka abs ne ke cin kasuwa, ko sifili ka miƙa masa zai ce ya yi. Da a ce rubutun ba ya nuna sassaucin da aka lissafa, iyaka ya ce approx(1e-13), da har yau muna nan muna murna da gwajin da ba ya gwada komai.

mai_gwaji: Ikon Allah, kenan amfanin sa ba sai an faɗi ba.

hajiyar_data: Ƙwarai. Ni yanzu kafin in yarda da kowane approx sai na buga shi na gani da idona.

sani_js: Jest namu na JavaScript a nan ya yi ƙoƙari gsky, toBeCloseTo in ya faɗi yana jero Expected precision, Expected difference da Received difference. Kuma a nan ne mutane da yawa ke fara sanin cewa 2 ɗin da yake sawa a precision a asali ma'anarsa bambancin ya gaza 0.005, ba 0.01 ba kamar yadda ake zato.

bintu_py: Irin sa ne assertAlmostEqual na unittest ɗin Python, zai ce "within 7 places" sai ka ɗauka lambobi bakwai na farko yake dubawa, alhali bambancin yake zagayewa zuwa gurbi bakwai bayan ɗigo ya ga ko ya zama sifili. Sa'a dai yana haɗawa da bambancin a ƙarshen saƙon. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne assert math.isclose, False kawai yake dawowa da shi, babu bambanci babu sassauci, ga shi abs_tol ɗinsa sifili ne, ka kwatanta da 0.0 ya faɗi ka rasa dalili.

malam_numpy: In jerin lambobi ne ku riƙe assert_allclose na NumPy, yana faɗin rtol da atol (irin rel da abs ɗin nan) a layin farko, sai guda nawa ne suka saɓa cikin nawa, sai mafi girman bambanci. Pytest ma tun daga 7 yana zana tebur mai Index, Obtained, Expected. Sai dai hajiya ki lura, rtol ɗin assert_allclose 1e-07 ne atol sifili, shi kuma np.isclose 1e-05 da 1e-08, gida ɗaya hali daban.

dan_java: To ni tambayata, wannan alamar ± ba ta lalacewa a log ɗin sabarku? Na taɓa ganin ta koma wasu haruffa marasa kan gado.

bintu_py: Wannan encoding ɗin tashar ne yayana, wato tsarin da take karanta haruffa da shi, sa shi UTF-8. Zamanin Python 2 ma +- pytest ke bugawa.