Neman sunan Hausa ga finafinan soyayya na zamanin da ya shuɗe

Zainab: Assalamu alaikum malamaina. Ranar Alhamis za a naɗi wani shirina na rediyo a kan finafinan soyayya waɗanda ake ciro labarinsu daga littattafan ƙagaggun labarai, a kuma shirya su da sutura da gidaje da ɗabi'un wani zamani da ya shuɗe. Turawa suna kiransu "period romance". Ina so in tattauna inda suke burgewa da inda suke gazawa, amma ba zai yiwu in riƙa maimaita wannan dogon bayani a kowane ambato ba. Na rubuta "finafinan tarihi na soyayya" a daftarin farko, sai dai hankalina bai kwanta da shi ba.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Kin yi daidai da kika yi shakka, domin mai sauraro idan ya ji "tarihi" zai ɗauka abin ya faru da gaske. Elizabeth da Darcy ba su taɓa rayuwa ba, marubuciyar Ingila Jane Austen ce ta ƙage su a matsayin masoyan littafinta Pride and Prejudice na 1813. Abin da yake na gaske shi ne tsarin gadon da ya sa gidan mahaifin Elizabeth da 'yan uwanta mata huɗu zai koma hannun wani ɗan uwa namiji idan uban ya rasu, kuma a nan ƙarfin waɗannan finafinai yake, saboda auren da yarinya ta ƙi yana iya zama silar talaucin uwarta da 'yan uwanta. Shawarata ita ce "fim ɗin soyayyar zamanin da".

Alhaji Aminu: Ni tun daga kalmar "fim" nake da ja. Muna da "majigi", wadda iyayenmu suka sani, amma mun yar da ita muna bin bakin baƙi. Na daɗe ina amfani da "majigin begen jiya" a rubuce-rubucena, kuma ina ganin ya fi duk abin da aka kawo daɗin faɗi da gajarta.

Hajiya Rabi: Alhaji, da girmamawa, ita kanta "majigi" aro ce daga Turanci, daga sunan fitilar nan da ake haska hotuna da ita a bango, tsufa ne kawai ya sa ta zama kamar 'yar gida. Sannan "bege" kewar wanda ba ya nan ce, kuma kunnen mutane da yawa ya saba jin ta a waƙoƙin yabon Annabi (SAW), don haka ba zan so a ɗora ta a kan labarin saurayi da budurwa a gidan rawa ba.

Alhaji Aminu: Hajiya, ko da aro ce, ta ci ƙasa ta sha ruwa a bakinmu. Abin da ke damuna shi ne duk lokacin da wani ya ƙirƙiro kalma sai a taru a kanta, amma idan ta Turanci ce sai a karɓe ta hannu bibbiyu. Harshen da masu shi ke jin kunyar ƙirƙira a cikinsa ba zai taɓa samun martaba ba.

Malam Bashir: Babu mai jin kunya a nan, Alhaji. Ma'aunin shi ne ko mai sauraro zai gane daga ji ɗaya, tunda ba shi da damar komawa baya ya sake karantawa.

Zainab: Na gode ƙwarai. Wata abokiyar aikina ta kawo "fim ɗin sutura", kuma ko da yake ban ɗauka ba, sunan ya taɓo ainihin aibin da nake son faɗa. Sau da yawa kyamara takan shagala da riguna da fitilun kyandir, ta bar barorin da suka kunna su a bayan fage, ba ta kuma tambayar inda dukiyar gidan ta fito. Ga kuma matsalar datsewa. BBC ta ba labarin Austen kashi shida a 1995, fim ɗin 2005 kuwa ya matse shi cikin kimanin awa biyu, ta yadda dogon nazarin da Elizabeth ta yi a kan wasiƙar Darcy, inda ta gane kuskurenta sannu a hankali, ya koma 'yan mintoci na kallon fuska. Fim ɗin Wuthering Heights na 1939 ma, wanda aka ciro daga littafin Emily Brontë, ya watsar da labarin 'ya'yan manyan taurarin littafin gaba ɗaya. To wannan ɗaukowar daga littafi, "fassara" zan kira ta?

Hajiya Rabi: A'a 'yata, fassara tsakanin harsuna take. Ki ce an "juya littafin zuwa fim", domin juyi yana nuna cewa wani abu zai sauya, wani kuma zai zube.

Zainab: To zan buɗe shirin da cikakken bayani sau ɗaya, daga nan in riƙa cewa "fim ɗin soyayyar zamanin da", in kuma yi amfani da "juyi" kamar yadda Hajiya ta ce.

Alhaji Aminu: Tunda lokaci ya ƙure miki, ki yi da shi a wannan karon. Amma kalmomi biyar sun yi wa suna yawa, kuma a rubuce wannan "da" ta ƙarshe za ta riƙa rikita mai karatu. Ban janye "majigi" ba.