Wai murya ce ta kashe jaruman fim ɗin bebaye?

Mai Gidan Kallo: Salamu alaikum 'yan gida. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar. Daren jiya babu ƙwallo, na ce bari in sa wa yara wani abu daban, na ɗora musu The Kid na Charlie Chaplin, na 1921, wanda ya tsinci jariri ya raine shi. Ko minti biyar ba a yi ba wani ɗan tsurut a bencin gaba ya hau ihu, "Oga a ƙara murya!" Na ce babu murya, haka aka yi shi. Sai ɗaki ya ɗauka wai sifika ta mutu, a ba su kuɗinsu. Mutum goma sha ɗaya na mayar wa kuɗi, ga man janareta ya ƙone a banza. Abin da yaran nan suka yi mini, shi duniya ta yi wa mutanen nan tun da The Jazz Singer, fim ɗin da ya buɗe zamanin fim mai magana, ya fito a 1927. Murya ce ta kashe jaruman fim ɗin bebaye kaf, babu wanda ya kai labari. Wanda ya isa ya musa.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Amma don Allah kalmar nan ta "bebaye" a cire ta. Ina koyarwa a makarantar yara masu lalurar ji da magana, na san yadda take yi wa iyayensu ciwo idan aka mayar da ita abin raha.

Ɗan Fagge: Haba Hajiya. Tun muna yara haka muka ji manya na faɗa, fim ɗin bebaye. Ai ba zagi ba ne. To me za mu ce?

Maman Ilham: Fim mara magana. Bakinka zai yi ciwo ne?

Ɗan Fagge: Ya yi tsawo.

Malamin Tarihi: Ni ba ta fuskar ladabi zan zo ba. Kalmar ce ma ba daidai ba. Mutanen nan suna magana lokacin ɗauka, darakta yana tsaye bayan kyamara yana ƙwala musu umarni, wani lokaci har da masu kiɗa a gefe don jaruma ta samu hawaye su zo. Na'urar ce ba ta ɗaukar sauti. In dai dole sai an laƙaba wa wani lalura, to kyamarar ce kurma. Kuma a silima ba shiru ake zama ba, ƙaramin gida akwai mai fiyano, babban gida akwai tawagar makaɗa guda. A Japan har mutum ake tsayarwa gefen allo yana ba da labari yana kwaikwayon muryoyi, benshi ake ce masa.

Ɗan Fagge: Ashe masu fassarar fim ɗin Indiya suna da kakanni.

Maman Ilham: Malam, kai da na zaci za ka raba gardama, ka sauke bebe ka ɗauki kurma. Mene ne bambancin?

Malamin Tarihi: Na'ura na kira kurma, Hajiya, ba mutum ba.

Maman Ilham: Da sunan lalurar mutum dai ka kira ta.

Bakatsine: Bebe daban, kurma daban. Ku Kanawa ne kuke cakuɗa su.

Ɗan Fagge: Ga shi nan ya zo. Ko zancen farashin tumatir ake sai ka sako Kano.

Mai Gidan Kallo: Jama'a kun bar jaki kuna dukan taiki. Na ce murya ta kashe su, babu wanda ya amsa mini.

Anti Zee: Bari in amsa maka, Yaya. Greta Garbo 'yar Swidin ce, Turancinta da nauyin harshe, amma da ta yi Anna Christie a 1930 da maganar tata aka tallata fim ɗin. Ta ci gaba da haskawa har 1941, ta ajiye aikin tana da shekara 36, ta rayu har 1990. Laurel da Hardy magana ƙara musu kasuwa ta yi. Joan Crawford ma ta haye. Mary Pickford kuwa da fim mai magana, Coquette, ta ci Oscar. Ina "kaf" ɗin?

Mai Gidan Kallo: John Gilbert fa? Babu namijin da ya kai shi a kamfanin fim na MGM bayan fim ɗinsa The Big Parade. Ya buɗe baki a 1929 aka yi ta dariya, muryarsa kamar ta mace. 1936 ya mutu yana ɗan shekara 38.

Anti Zee: Ka taɓa jin muryar da kunnenka? Nemi Queen Christina na 1933, shi da Garbo. Murya ce ta namiji lafiyayye. Abin da aka yi wa dariya a His Glorious Night kalaman da aka rubuta masa ne, yana ta nanata wa mace yana son ta, yana son ta. A rubuce a allo abin yana da daɗi, a kunne ya zama shirme. Kuma ciwon zuciya ne ajalinsa, bayan giya ta gama cin jikinsa.

Ɗan Fagge: Ni na ji an ce mai kamfanin, Mayer, shi ya sa aka murɗe na'ura don muryar ta siranta, saboda sun taɓa dambe a wajen biki.

Malamin Tarihi: A ina ka ji?

Ɗan Fagge: YouTube.

Malamin Tarihi: To a bar shi a can.

Bakatsine: Jarumi Rudolph Valentino ya mutu a Agustan 1926 yana da shekara 31, fim mai magana bai ma kama kasuwa ba. Shi ma muryar ce ta bi shi asibiti?

Mai Gidan Kallo: Kashewa ta sana'a nake nufi, kai ma ka sani. Emil Jannings shi ya fara cin Oscar na jarumi, amma Turancinsa na Bajamushe ya sa ya tattara ya koma Jamus.

Anti Zee: Wannan ɗaya na ba ka. Ɗaya.

Admin: Tun ɗazu ina karatu na yi shiru. Duk kun manta da gwanin gwanaye, Buster Keaton, mai fuskar shanu. A Steamboat Bill, Jr. na 1928 bangon gaban gida sukutum ya faɗo masa yana tsaye, tagar sama ce ta zo daidai kansa ya tsira, ko gezau bai yi ba. Muryarsa lafiya lau. Abin da ya karya shi, a shekarar nan ya shiga MGM, aka ƙwace masa ikon tsara fim ɗinsa, aure ya mutu, giya ta shigo, 1933 suka sallame shi. Daga baya ya koma yana ƙirƙira wa wasu barkwanci a kan albashi.

Chali Na Gidanmu: Gwanin gwanaye a gidan wa? Chaplin tun 1916 yake karɓar dala 670,000 a shekara. 1919 shi da Pickford da Fairbanks da Griffith suka kafa kamfanin fim na United Artists. Situdiyonsa nasa, kuɗinsa nasa, shi ya sa ya yi City Lights a 1931 ba magana, babu mai ce masa don me. Sai 1940 ya ga dama ya yi cikakken fim mai magana. Naka gwanin fa, wa ya ba shi ɗan gurbi a Limelight, fim ɗin Chaplin na 1952?

Admin: Chaplin ɗan kasuwa ne mai sa mata kuka. Keaton da ƙashin jikinsa yake wasa.

Chali Na Gidanmu: Ka je tasha ka nuna hoton su biyun, ka ga wanda za a gane.

Na Jos: Ku da kuke rigima a kan Amurka, kun san a nan Filato aka ɗauki fim ɗin Palaver a 1926? Geoffrey Barkas ya yi shi, da Angasawa da Surawa a ciki, shi ma ba magana.

Bakatsine: Fim ɗin Turawan mulkin mallaka ne, su ne jarumai, mutanenku ado. Kar ka zo mana da alfahari.

Na Jos: Katsina me aka ɗauka a 1926?

Malamin Tarihi: Mu rage cika baki dukkanmu. Kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka na wancan zamani sun ɓace. Faifan na lokacin yana ruɓewa kuma yana kama wuta da wuri. Gobarar ma'ajiyar kamfanin Fox a 1937 ta cinye yawancin na jaruma Theda Bara. Da ragowa muke yanke hukunci.

Admin: To dare ya yi, ga taƙaitawa. An tabbatar ba murya ce ta kashe su ba, manyan kamfanoni ne, kuma babbar hujja ita ce abin da aka yi wa Keaton. Masu rinjaye sun amince Keaton ya fi kowa a jaruman fim ɗin bebaye, Chaplin kuɗi ne suka rufa masa asiri. Maganar Gilbert ba a kawo hujja ba. Na rufe.

Chali Na Gidanmu: Waɗanne masu rinjaye? Kai kaɗai ka ambaci Keaton.

Maman Ilham: Admin, ka sake rubuta "bebaye".

Mai Gidan Kallo: Ni dai har yanzu babu wanda ya ce mini komai a kan man janaretana.