Tsofaffin bindigogin kaboyi: me ke sa wata ta yi wuyar samu, kuma yaya ake gane ta asali?

Ɗan Adar, Tawa

Assalamu alaikum, dattawa da 'yan uwa na wannan zaure. Tambayata a kan tsofaffin bindigogin Amurka ce, irin waɗanda muka saba gani a finafinan kaboyi, masu hannun ƙarfe a bayan kunama wanda ake turawa ƙasa a dawo da shi, sai kwanson da aka harba ya fita, sabon harsashi ya shiga gurbinsa. Sha'awata a kansu ta tarihi ce da ta aikin ƙira, kuma na daɗe ina bin labarin gwanjon da ake yi musu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, sai a kawo bindigogi biyu na kamfanin Winchester, samfuri ɗaya, shekarunsu kusan ɗaya, a sayar da ɗaya a kan kuɗin da mai matsakaicin hali zai iya biya, ɗayar kuwa a sayar da ita a kan kuɗin da zai gina gidaje a Yamai. Mene ne ya raba su?

Akwai kuma wani dalili. Wani bawan Allah a nan Tawa ya turo mini hoton wata tsohuwar bindiga da ya ce sun gada daga kakansu, tana da hannun ƙarfe a ƙasa, ya ce Winchester ce, kuma yana neman mai saye. Ina so masu sani su gaya mini alamomin da ake dubawa kafin a gaskata irin wannan magana, da kuma matsayin doka ga mutumin da ke son ajiye irin wannan abu a matsayin kayan tarihi. Allah ya saka da alheri.

Malamin Tarihi, Yamai

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Adar. Abu na farko da ya kamata a cire daga rai shi ne zaton cewa tsufa kaɗai ke sa bindiga tsada. Kamfanin Winchester na garin New Haven ya ƙera samfurin 1873 har kimanin 720,000, samfurin 1892 ya kai kusan miliyan ɗaya, samfurin 1894 kuwa ya haura miliyan bakwai. Abin da aka yi da wannan yawa ba ya zama mai wuyar samu don kawai ya shekara ɗari. Masu tara su suna neman abin da tun farko ba a yi shi da yawa ba, ko wanda aka yi da yawa amma kaɗan ne suka tsira da kamanninsu na ranar da suka bar masana'anta.

A ɗauki bindigar Henry ta 1860, wadda Benjamin Tyler Henry ya tsara, kuma ita ce uwar duk waɗannan. Kimanin 14,000 kawai aka yi kafin a daina a 1866, kuma da yawansu sun sha wuya a yaƙin basasar Amurka, inda sojoji suka riƙa sayensu da kuɗin aljihunsu saboda tana ɗaukar harsashi 15 a lokacin da yawancin sojoji ke ɗura ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan Henry jikinsu na tagulla ne, amma akwai 'yan ɗaruruwa na farkon aiki da aka yi da baƙin ƙarfe, kuma waɗannan su ne ake rububi a kansu. Haka nan bindigar Colt-Burgess, wadda kamfanin Colt ya yi kimanin 6,400 tsakanin 1883 da 1885 sannan ya bar wannan kasuwa gaba ɗaya. Ko bindigar kamfanin Marlin ta 1881 tana da masu nemanta, duk da sunan kamfanin bai kai na Winchester amo a wajenmu ba.

A cikin samfurin 1873 kansa akwai hawa-hawa. Kamfanin yakan gwada bakunan bindigogin, wato dogayen bututun da harsashi ke bi ya fita, waɗanda suka fi saiti sai a ware su, a yi musu ado, a zana musu rubutu da Turanci mai ma'anar "Ɗaya cikin Dubu", a sayar a kan dalar Amurka 100. Kimanin 136 kacal aka yi, sai kuma 8 masu rubutun "Ɗaya cikin Ɗari". To ka ga a cikin 720,000, waɗannan su ne zakaran gwajin dafi. Ƙasa da su akwai waɗanda mai saye ya ba da odar musamman, misali ya nemi baki mai tsawon da ya bambanta da inci 24 da aka saba, ko katako mai kyan zane, ko zanen hannu a jikin ƙarfe irin wanda 'yan gidan Ulrich suka shahara da shi. Masana kuma suna raba samfurin kashi uku ta hanyar duba yadda aka ɗora murfin da ke kare ƙura a samansa, kuma kashi na farko, wanda ya tsaya wajen lamba 31,000, ya fi na baya daraja.

Amma a ganina abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne sanin hannun da bindiga ta bi. A 2016 kamfanin gwanjo na Rock Island ya sayar da Winchester samfurin 1886 mai lamba 1 a kan dalar Amurka miliyan 1.265, abin da ya haura miliyan 700 na sefa. Ƙirar shahararren mai tsara bindigogi John Browning ce, kuma lamba ta farko, amma abin da ya ɗaga ta shi ne an tabbatar da cewa kyauta ce da aka ba Henry Lawton, hafsan da ya jagoranci farautar Geronimo, shugaban 'yan ƙabilar Apache, wanda ya miƙa wuya a 1886. Da babu wannan shaida, da ba ta kai ko kusa da wannan kuɗi ba.

Maƙerin Katako, Yamai

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani. Ni zan yi magana ne a kan hoton da aka turo wa ƙanena Ɗan Adar, domin a nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

Da farko, ba kowace bindiga mai hannu a ƙasa ce Winchester ba. Bindigar Martini-Henry, wadda sojojin Ingila suka fara riƙewa a 1871, ita ma tana da irin wannan hannu, amma harsashi ɗaya take ci, kuma ba ta da bututun ajiyar harsasai a ƙarƙashin bakinta. Ka duba hoton da kyau. Idan ka ga bututu biyu, ɗaya bisa ɗaya, da wata 'yar ƙofa a gefen dama inda ake tura harsasai, to ana iya ci gaba da magana. Ko a hakan ma ba a gama ba, domin an kwaikwayi waɗannan bindigogi sosai. A garin Eibar na Sifaniya an yi wata mai suna El Tigre wadda kwafin samfurin 1892 ce, kamfanin Rossi na Burazil ya yi tasa, kuma kamfanin Uberti na Italiya har yau yana ƙera kwafin Henry da na Winchester samfurin 1866 da 1873 masu kyan gaske. Waɗannan ba jabu ba ne a karan kansu, domin suna ɗauke da sunan masu su da hatimin gwajin ƙasarsu. Ha'inci yana shigowa ne lokacin da wani ya goge waɗannan alamomi, ya tsofar da ƙarfen da gangan, ya kawo ta a matsayin gadon kaka.

Saboda haka ka nemi a ɗauko maka hoton rubutun da ke saman bakin, inda sunan kamfanin da New Haven suke, da kuma lambar bindigar. A samfurin 1873 lambar tana ƙasa, a kan harshen ƙarfen da ya shiga cikin katakon gindi, bayan hannun ɗanawa. Da wannan lamba ake rubuta wa gidan tarihin bindigogi na garin Cody a jihar Wyoming, inda aka adana kundayen masana'antar Winchester da na Marlin. Ana biyan kuɗi, su aiko da takarda mai bayyana yadda bindigar ta fita daga masana'anta: girman harsashinta, siffar bakinta, da ranar da aka fitar da ita daga sito. Idan takarda ta ce baki mai kusurwa takwas ne, wadda ke hannunka kuma zagayayye ne, to an sauya shi, kuma darajar ta faɗi. Sai dai takardar tana da iyaka. A 2014 an tsinci wata 1873 jingine da bishiya a gandun Great Basin na jihar Nevada, kundin ya nuna an fitar da ita a 1882, amma bai faɗi wanda ya saye ta ba. Takardar Cody tana shaidar ƙarfe ne, labarin kaka kuwa yana buƙatar tasa shaidar daban.

Roƙona ga duk wanda ke da irin wannan abu a gida shi ne kada ya goge shi. Mu nan al'adarmu ce idan za a sayar da tsohon abu sai a kai shi a kankare, a sa masa fenti ya yi ƙyalli, kuma na ga kayan ƙarfe masu daraja da aka lalata ta wannan hanya da kyakkyawar niyya. A wajen masu tara bindigogi, ragowar launin asali da duhun da shekaru suka bari a kan tagulla su ne dukiyar, kuma wadda aka sabunta takan rasa babban kaso na kuɗinta. Ɗan mai kaɗan a tsumma ya isa, a ajiye ta nesa da danshin damina, a kuma kula da gara, wadda ita ce babbar abokiyar gabar katako a ƙasarmu. Kada kuma a yi gangancin gwada harba ta, domin an ƙera da yawa daga cikin waɗannan tsofaffin ne don baƙin albarushi na da, kuma ƙarfen da ya haura shekara ɗari ba a san lahanin da ke cikinsa ba.

Tsohon Ma'aikacin Duwan, Tawa

Ɗana Ɗan Adar, na karanta amsoshin biyu kuma ban ƙi ko ɗaya ba, amma da ni aka fara tambaya, da maganar doka zan sa a gaba. A Amurka dokar tarayya tana ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, shi ya sa cinikinsu ke da sauƙi a can. Wannan sassauci nasu ne, ba ya bin bindigar ya tsallako teku. A Nijar riƙe bindiga yana buƙatar izinin hukuma, shigo da ita kuma wani izini ne daban, kuma jandarman da ya tsayar da kai a hanyar Tawa zuwa Ƙonni zai tambaye ka takarda ne, ba zai tambayi shekarar da aka ƙera ta ba.

Ƙasar nan ta sha wahalar makamai. Tun 1994 aka kafa hukumar tattarawa da sa ido a kan haramtattun makamai, kuma da yawanmu muna tuna ranar 25 ga Satumba 2000 da aka ƙona bindigogi a Agadas don tabbatar da sulhu. A halin tsaron da ake ciki yanzu, sayen bindiga hannu da hannu daga mutumin da ba shi da takardarta haɗari ne gare ka da shi. Idan da gaske gado ce, shawarata ita ce iyalan su fara sanar da hukuma, su ji abin da za a ce musu, kafin maganar ciniki ta taso. Idan kuma ta tabbata tana da tarihi, gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ya fi ɗakin kowannenmu cancantar ajiye ta.

Ɗan Adar, Tawa

Na gode ƙwarai, Baba, kuma na karɓi shawarar. Ba zan taɓa maganar kuɗi ba sai sun je wajen hukuma. Na sake duba hoton kamar yadda Yaya Maƙeri ya ce, kuma akwai bututu biyu da ƙofar gefe. Abin da ya rage mini, Malam, shi ne ko akwai hanyar da Winchester ta asali za ta iya biyowa ta iso ƙasar Adar tun zamanin kakanni.

Malamin Tarihi, Yamai

Ba a rasa hanya ba, amma ƙunci gare ta. Yarjejeniyar Burusal ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a faɗin yankin da ƙasarmu ke ciki, aka bar mutane da irin su harba-ka-ruga, shi ya sa abin da aka fi gada a gidajen maharba ke nan. Duk da haka Winchester ta yi yawo a duniya fiye da yadda finafinai ke nunawa. Daular Usmaniyya ta sayi samfurin 1866 da yawa, kuma sojojinta sun yi amfani da su a kan Rasha a yaƙin Plevna na 1877. Rasha kanta ta sayi kusan 300,000 na samfurin 1895 a lokacin yaƙin duniya na farko, Faransa kuma ta sayi kimanin 15,000 na samfurin 1894 a wannan yaƙin, waɗanda aka rubuta ma'aunin saitinsu da mita maimakon ma'aunin Amurka. Ban da waɗannan, Turawa mafarauta sun shigo Afirka da nasu, kamar yadda tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya kai samfurin 1895 gabashin Afirka a 1909.

Wannan duka yana nuna yiwuwa ne kawai, kuma ba hujja ba ce a kan bindigar da ke Tawa. Idan iyalan sun kammala da hukuma, ka nemi hoton lambar, da na rubutun saman baki, da na ma'aunin saitin baya, ka sa su a nan. Daga lambar za mu iya kusantar shekarar ƙira, kuma idan ta zama 1894 mai ma'aunin mita, to sai a tambayi dattawan gidan ko kakan nasu ya yi aikin soja ko na gadi a ƙarƙashin Faransawa, da kuma ko akwai wata takardar sallama ko lambar girma da ya bari.