Wane irin ƙudan zuma ne wannan mai dogon ƙaho?

Maman Ikram: Assalamu alaikum. Ina aikin jinya a Devon, kudancin Ingila. Ranar Asabar na fita da yara bakin teku, sai muka ga wani ƙudan zuma a kan furen wata ciyawa mai kama da wake. Jikinsa gashi ja-ja, fuskarsa rawaya, ga ƙaho biyu da tsawonsu ya kusa kai na jikinsa. Mahaifina ya shekara talatin yana ɗaura amya a Zariya, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Zuma ne ko wani ƙwaro daban? Yana harbi?

Ɗalibin Ƙwari: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bisa kwatancenki, Eucera longicornis kika gani, kuma namiji ne, don maza ne kaɗai ke da wannan dogon ƙaho, da shi suke shinshino mace. Namiji ba ya harbi. Gidansu ɗaya da zumar Baba, wato Apidae, amma zuriyarsu daban ce, ana kiranta Eucerini. Masanin halittu Linnaeus ne ya raɗa masa suna a 1758, ya haɗa shi da zumar amya, sai a 1770 wani masanin, Scopoli, ya ware masa jinsin Eucera. Ana samunsa daga Turai har cikin Asiya. A Birtaniya ya ragu sosai, yanzu galibi sai kudancin Ingila da Wales, saboda an nome filayen da furen dangin wake ke fitowa. Daga Mayu zuwa Yuli yake yawo, kin yi sa'ar lokaci.

Mai Amya: To malam, ina yake tara zumarsa?

Ɗalibin Ƙwari: Ba ya tarawa, Alhaji. Babu sarauniya, babu saƙa. Kowace mace ramin kanta take haƙawa a ƙasa, ta cuɗa garin fure da ruwansa, ta yi ƙwai a kai, ta toshe. Muna da danginsa a Afirka ta Yamma, jinsin Tetralonia. A Burkina Faso an gano Tetralonia fraterna na cikin manyan masu yi wa auduga barbara, wato kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan. Abin da ke damuna shi ne manoma na fesa musu magani ba tare da sun san amfaninsu ba.

Maman Ikram: Allah Ya saka da alheri. Ikram ta ce gobe mu koma mu nemo ramukan, ta yi alkawarin ba za ta tona ba.