Halittun da nake ƙirƙira a labarina: wa zai ci gonar wanda ya kwanta shekara 30 bai mutu ba?

Hafsat, Malali:

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Wani labari na ɗauko na halittun da ke zaune a wata duniya can cikin taurari, kuma na zo wani wuri na cije, shi ne nake neman shawararku.

Duniyar tasu tana kewaya wani ƙaramin jan tauraro ne, kuma fuska ɗaya take ba shi, yadda wata yake ba mu fuska ɗaya kullum. Saboda haka wani ɓangaren rana ce tsaye cak ba faɗuwa, ɗayan kuma dare ne da ƙanƙara. Rayuwa tana tsakani, a wani siririn yanki inda kullum almuru ne. Ba daga kaina kawai na ƙago wannan ba. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu, Proxima Centauri, nisansa ya ɗan haura shekarar haske 4 (wato tafiyar da haske ke yi cikin shekara 4), kuma a 2016 aka gano wata duniya da ke zagaye shi cikin kwana 11 kacal. Masana da dama suna ganin irin wannan kusanci yakan kafe duniya da fuska ɗaya.

Halittun na sa musu suna Makwanta. Ƙafa shida gare su, da fata mai kauri. Idan tauraronsu ya fara aman wuta sai su haƙa laka su shige, numfashinsu ya kusa ɗaukewa, su yi shekaru a haka ba su tsufa ba. Amma ba kowa ke kwanciya ba. Kowane gida yana barin mutum ɗaya a farke ya yi gadi, shi kuwa yana ta tsufa. Uwa takan tashi ta tarar 'yar da ta bari ta girme ta. Wannan wurin shi ne zuciyar labarin, kuma wallahi duk lokacin da na zo kansa sai jikina ya yi sanyi.

Matsalar ita ce na ba su sarki, na ba su waziri da galadima. Ƙawata ta karanta ta ce mini waɗannan ai Zazzagawa ne masu ƙafa shida. To yaya al'adarsu za ta zama tasu? Wa ke girmama wa? Wa ke cin gonar wanda ya kwanta shekara 30? Sannan Ummanmu ta ce labarin aljanu nake rubutawa, ina tsoron masu karatu ma haka za su ɗauka.

Malam Bala, Kawo:

Wa alaikumussalam. 'Yata, ni ilimin halittu nake koyarwa a sakandare, kuma abin da kika siffanta akwai shi a fadamunmu. Gaiwa ce. Idan ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta har ya bushe ya zama kamar kwanso, ta bar 'yar kafa ta shaƙar iska, domin huhu gare ta. Haka take zama har damina ta dawo. Ki je bakin kogin Kaduna ki zauna da masunta, su ba ki labarin yadda ake haƙo ta da rani.

Abin da nake so ki lura da shi: gaiwa ba kyauta take wannan kwanciya ba. Naman jikinta take ci a hankali, ta fito a rame. To naki Makwantan ma dole su tashi da yunwa da rashin ƙarfi, duk a lokaci guda. Wa ya tanadi abincin ranar tashi? A hannun wa rumbu yake? Wanda ke riƙe da rumbu a ranar nan shi ne mai mulki, ko kin ba shi rawani ko ba ki ba shi ba.

Gyara ɗaya kuma. Aman wutar irin waɗannan taurari mintoci ne zuwa sa'o'i, ba shekaru ba. Amma ranarmu tana da zagayen kusan shekara 11 da rikicinta ke ƙaruwa ya ragu. Ki ba tauraronki irin wannan zagayen, mai tsanani, sai kwanciyar ta sami dalili.

Hajiya Asabe, Kasuwar Barci:

Ni ba marubuciya ba ce, 'yata ce ke karanta mini wannan zaure, atamfa da leshi nake sayarwa. Amma Hafsatu, tambayarki ta gona ta taɓa ni. Mu a kasuwa abin da ke riƙe da mu amana ce da bashi. Mutum ya tafi Hajji ya bar miki shagonsa na 'yan makonni ma sai kin ga yadda zukata ke motsi, balle shekara 30.

In ni ce ke, ba zan yi musu gado ba sam, tunda mai kayan yana nan zai tashi. Ajiya zan yi musu. Mai gadi ya ci amfanin gonar, amma ranar tashi a zauna a yi lissafi a gaban jama'a. Kuma ki yi tunanin ita mai gadin. Ta ba da ƙuruciyarta, sa'o'inta duk suna ƙarƙashin ƙasa, ba ta yi aure ba. Me za a biya ta da shi? In ba a biya ta ba, wata rana za a sami wadda za ta ƙi tashin kowa. Ni dai wannan matar nake so in ji labarinta, ba sarkinsu ba.

Yakubu, Barnawa:

Anti Hafsat, ni inda ban yarda ba shi ne a ce duk duniya guda al'ada ɗaya ce. Wannan ne ke gundurata da yawancin labaran sararin samaniya: a ce wannan jinsin duk mayaƙa ne, wancan duk 'yan kasuwa. Jihar Kaduna kaɗai akwai Hausawa da Fulani da Gbagyi da Bajju da Atyap da Adara da Ham da wasu da yawa, kowa da harshensa da yadda yake aure da binne mamaci. To duniya sukutum fa? Waɗanda ke gefen rana ba za su yi kama da na gefen ƙanƙara ba. Wasu su zaɓi mai gadi da ƙuri'a, wasu su ɗora wa 'yar fari, wasu su sayi bawa ya yi musu. Kuma kowane ɓangare yana ganin na ɗayan rashin imani ne.

Batun lokaci kuma, tunda ba dare ba safiya, ba ruwansu da "ina kwana". Ki duba tauraron TRAPPIST-1, mai nisan kusan shekarar haske 40. A 2017 aka sanar yana da duniyoyi 7 masu girma kusan kamar tamu, a cunkushe kusa da juna, ta ciki tana gama zagayenta cikin kwana ɗaya da rabi, ta waje cikin kusan kwana 19. Wanda ke tsaye a kan ɗaya zai riƙa ganin maƙwabtan suna wucewa a sama ƙuru-ƙuru. Da wucewarsu Makwanta za su ƙirga lokaci, su sa ranar kasuwa.

Malam Bala, Kawo:

Hafsat, na manta maganar Ummanku. Ki gaya mata cikin ladabi cewa aljanu gaibu ne, ba a ganinsu, naki kuwa suna da jiki, suna jin yunwa, suna rama, ana iya auna su a sikeli. Ki nuna wannan tun shafin farko, mai karatu ba zai ruɗe ba. A Suratus Shura, aya ta 29, Allah ya ambaci halittar sammai da ƙasa da abin da ya watsa a cikinsu na dabba. Fassararta aikin malamai ne, kuma ba ni cewa hujja ce ga labarinki. Ki rubuta shi a matsayin ƙagaggen labari, kada ki ce haka abin yake.

Hafsat, Malali:

Allah ya saka da alheri, Baba Malam, Hajiya, da kai Yakubu. Na cire sarki da fadawansa gaba ɗaya. Hajiya, mai gadin ce za ta ba da labarin da bakinta, kuma zan buɗe da ranar lissafi, uwarta tana zaune a rame tana tuhumarta a kan rumbu biyu da suka ɓace. Girma a wurinsu ba da ranar haihuwa zai kasance ba, da yawan shekarun da mutum ya yi a farke ne, don haka uwar ce za ta durƙusa wa 'yar kafin ta fara tuhumar.

Abu ɗaya ya rage mini. Baba Malam, idan gaiwa tana cikin laka, me ke sanar da ita ruwa ya dawo? Jiƙewar kwanson ce kawai, ko tana jin motsin ƙasa? Ina so in san ko Makwanta za su iya tashi da kansu, ko sai mai gadi ta ga dama.