Wanda aka tilasta wa mantuwa da wanda ya bar gida: a haɗa labarinsu a aji ɗaya?

Malamar Faransanci, Maradi

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wani lise, wato babbar sakandare, a nan Maradi, kuma ran Laraba da yamma ina zama da ƴan tarminal, wato ajin ƙarshe, masu son karatu, mu karanta abin da ba ya cikin manhaja. Bana na haɗa musu littattafai biyu: 1984 na George Orwell, wanda ya fito a 1949, da Le Ventre de l'Atlantique na Fatou Diome, ƴar Senegal, na 2003. Wani abokin aikina ya ce hanyar jirgi daban, ta mota daban: ɗaya ƙagaggiyar duniya ce ta zalunci, ɗaya labarin ƙaura ne. Ni ban yarda ba, shi ya sa na kawo maganar nan.

Ga abin da na gani. Winston, a littafin Orwell, aikinsa a Ma'aikatar Gaskiya shi ne gyara tsofaffin jaridu don jiya ta yi daidai da abin da hukuma ke faɗa yau. Asalin takardar a jefa ta rami, wuta ta cinye. Wanda aka kawar, a goge sunansa tamkar ba a taɓa haihuwarsa ba. Laifin Winston na farko ba makami ya ɗauka ba, littafin rubutu ya saya ya fara ajiye abin da ke ransa. Ko mahaifiyarsa, guntu-guntu yake tuna ta.

Salie kuwa, a littafin Diome, ba wanda ya ƙona mata takarda. Tana Strasbourg, ƙanenta Madické yana tsibirin Niodior, ba ya da buri sai ƙwallo da zuwa Faransa. Amma duk lokacin da ta so gaya masa yadda zaman can yake, ba ya saurare, domin akwai wani a garin da ya dawo daga Faris ya gina gida, yana ba matasa labarin daɗi yana ɓoye wahalar da ya sha. Labarinsa ne ya zama gaskiyar gari. Shi kuma Musa, wani saurayin garin da aka maido daga Faransa hannu rabbana, kunya ta kai shi ga halaka. A ganina tambaya ɗaya ce a littattafan biyu: wa ke da ikon faɗin abin da ya same ka?

Yaran sun karanta Orwell shiru, kamar abin bai shafe su ba. Na Diome kuwa sai da kiran magariba ya raba mu, don kusan kowa yana da wa ko kawu a Libiya, Aljeriya, Legas ko Abijan. To, tilasta haɗin nake yi? Kuma akwai littafin Hausa da zai zama gada a tsakani?

Tsohon malamin tarihi, Tibiri

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ba ki tilasta komai ba, kuma gadar tana ƙarƙashin ƙafar yaranki. Maradi kanta garin masu ƙaura ce. Bayan jihadi ya ci Katsina a farkon ƙarni na 19, gidan sarautar ya yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a nan. Har gobe sarautar Sarkin Katsina ake ce mata. Mu ma Gobirawan Tibiri haka ne, bayan faɗuwar Alkalawa. Mutane sun rasa birni, suka ƙi rasa suna, suka riƙe shi da kirari da tambura da jerin sarakuna da maroƙa ke zubowa da ka. Ki tambayi yaran: da a ce an hana maroƙa magana, me zai rage? Daga nan za su gane abin da Winston ke tsoro.

Littafin Hausa kuwa, ki nemi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, cikin waɗanda aka rubuta a gasar ƙagaggun labaran Hausa ta 1933. An sace Umar yana yaro, aka haye da shi Sahara, ya tashi a hannun Balarabe Abdulkarim, ya zama malami. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa bauta, suka haɗu a Tarabulus, ba ta jima ba ta rasu. Ki lura, shi da bakinsa yake ba almajiransa labarin. Wannan hanyar hamada ita ce dai yaranmu ke bi yau.

Ɗan ci-rani da ya dawo

Malama, ki yi mini haƙuri, ban karanta ko ɗaya cikinsu ba, amma abin da kika faɗa kan mutumin da ya dawo daga Faris ya taɓa ni. Na yi leburanci a Tamanrasset, a Aljeriya. A kango muke kwana, ginin da ba a gama ba, kwali ne shimfiɗarmu. Ran Juma'a sai in ari riga mai kyau, in tsaya jikin motar wani, a ɗauke ni hoto in tura wa inna ta WhatsApp. Ba hukuma ce ta gyara tarihina ba, ni na gyara shi da hannuna, don kada tsohuwa ta kasa barci. Ita kuma ta nuna wa maƙwabta, ɗan maƙwabta ya gani ya fara tara kuɗin mota. Wannan shi ke damuna har yanzu.

Amma akwai inda na saɓa da ke. Kina magana kamar tunawa kullum ita ce ƴanci. Lokacin da aka kwaso mu aka zube a bakin iyaka, muka taka wajen kilomita 15 zuwa Assamaka, na ga abubuwan da ban gaya wa matata ba, kuma ba zan gaya mata ba. Shi Winston ɗin da kika ambata yana son ya tuna an hana shi. Ni ina son in manta, mutane na tambaya. A majalisa a ce, ba mu labarin Aljeriya mana. In na yi shiru a ce girman kai. Ki gaya wa yaranki wanda ya dawo yana da haƙƙin ya yi shiru, wannan ma ƴanci ne.

Ɗaliba, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo

Malama, ni ina tare da abokin aikinki a wuri ɗaya. Kada haɗin ya ɓoye bambancin ƙarfi. Winston ba ya da mafita, a ƙarshe ma an karya shi har ya so mai zaluntarsa. Salie tana da fasfo, tana da alƙalami, tana iya kashe waya. In aka daidaita su, an rage wa zaluncin nauyi.

Inda suka haɗu a wurina shi ne gogewar suna. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, daga yankin Kance. Adadin muke riƙe da shi. Ba wanda ya ba da umarnin a manta da su, amma wa zai iya kawo sunan mace ɗaya a ciki in ba danginta ba?

Malamar Faransanci, Maradi

Na gode muku duka. Baba, Allah ya ƙara girma. Zan sa a nemo mini Shaihu Umar daga Katsina, shi za mu karanta na uku. Kuma maganarka ta ba ni aikin gida: kowane yaro ya tambayi tsofaffin gidansu yadda ambaliyar 1945 ta ci tsohon gari a bakin gulbi har aka hauro tudu, mu jera labaran mu ga inda suka dace da inda suka rabu, da wanda ba a ambata ba.

Ƙanwata, zan sa bambancin da kika kawo a allo tun farkon zama, amma ba zan raba littattafan ba, domin misalinki na Kance shi ne hujjata.

Yaya, kai ne ka ba ni abin da ba ya cikin littattafan biyu. Ina neman izininka in karanta wa yaran sakin layinka na farko, na hoton da motar, ba tare da suna ba. Na biyun ba zan taɓa shi ba sai ka ce.